Kunnen da Aka Sauko da Shi Cikin Mayafi

Ranar da jar saniyarsa ta durƙusa ta kasa tashi, Kawu Nicanor ya zagayo bayan gidanmu da bututun babbaka a kafaɗa, tulun gas na lilo a hannunsa. Ina tsugune ina wanke kayan Kaka. Bai ko amsa gaisuwata ba, ya tsaya yana ƙare wa lambun kallo kamar mahauci a gaban bijimi.

Na ce, "Kawu, kada ma ka fara."

"Injiniya kenan," ya ce. Tun da na dawo daga makarantar aikin gona ta San Luis haka yake kirana, kuma kullum sai ya ja kalmar kamar roba. "Daji ya ƙare, Injiniya. Daga nan har gindin dutse babu nopal ɗin da ban babbake ba. Wannan kaɗai ya rage."

Ba ƙarya ya yi ba. Shekara ta zagayo ba mu ga ruwan da zai kwantar da ƙura ba. In fari ya kai haka, abu ɗaya ke rage wa mai shanu: ya bi nopal, tsiron nan mai ƙaya da faffaɗan ganyaye masu kauri da muke kira kunnuwa, da wuta ya ƙone ƙayarta, ya sassare kunnuwan da adda, dabba ta ci ta kuma sha ruwan da ke ciki. Na san wannan, a ciki na girma. Amma lambun nan na Kaka Chencha ne, wadda ta haifi mahaifiyata da shi Kawun. Duk rayuwarta ta yi tana tara shi. In ta je biki a wani ƙauye ta ga nopal ɗin da ta burge ta, sai ta roƙi kunne ɗaya ta dawo ta kafa a rairayi. Haka suka cika bayan gida ba layi ba tsari, wasu sun fi mutum tsawo. A cikinsu kuwa akwai ɗaya da duk zuriyarmu ta san labarinta, wato ta Mamá Tules, mahaifiyar Kaka. Lokacin da aka rufe ramin haƙar azurfa a kan dutse garinsu ya watse, Mamá Tules ta sauko da ƙafa, da kunnen nopal guda naɗe cikin mayafinta, Kaka tana yarinya tana bin ta a baya. Ba su sauko da komai ba sai shi.

Kawu ya ajiye tulun. "Ni ma fa kakata ce, kada ki mayar da ni bare. Nuna mini ta Mamá Tules in bar ta. Sauran na shanu ne."

Na ɗaga hannu zan nuna, sai na tsaya. Ban san wacce ba ce.

Na shiga ɗaki na riƙo hannun Kaka. A lokacin hankalinta ya riga ya fara tafiya yana dawowa kamar ruwan famfon garinmu. Wata rana ta gane ni, wata rana ta tambaye ni 'yar gidan wa ce.

"Tsohuwa, tashi ki yi aiki, ba zama aka kawo ki duniya ba. Wacce ce ta Mamá Tules?"

"Ji mini 'yar banza mai wandon maza," ta ce, tana dariya. Ta taka har tsakiyar lambun, ta nuna wata doguwa kusa da murhun gasa burodi. "Ga ta nan, ko makaho ya gan ta."

Na ji sanyi a raina. Na ɗaura wa doguwar jan ƙyalle. Kawu ya ce zai dawo da sassafe.

Da yamma, don in ƙara tabbatarwa, na sake fito da ita. Ta wuce mai jan ƙyallen ko kallo ba ta yi mata ba, ta je ta dafa wata gajeriya a jikin katanga. "Wannan ce. Uwata da hannunta ta kafa ta."

"Ɗazu fa kin ce waccan."

"Ni? Yaushe muka yi magana da ke?"

Na roƙi Kawu ya ƙara mini kwana. Ya yi tsaki, amma ya ƙara. Washegari ta nuna ta uku. Rana ta gaba ta nuna bishiyar meskite, wadda ba ma nopal ba ce.

Na hau tudun bayan coci inda waya ke kamawa, na kira Mama a birnin Monterrey, inda take aiki a gidan abinci.

"Rawaya ce 'ya'yanta," Mama ta ce ba tare da wani jinkiri ba. "Zaƙi kamar zuma, ƙwallayen ciki 'yan kaɗan. Tana wajen kewaye, ina jin. Ko wajen rijiya?"

Da na faɗa wa Kawu sai ya fashe da dariya. "Rawaya? Uwarki tun tana yarinya ba ta iya bambance jaki da doki ba. Ja ce wur! In ka sha da yawa har fitsarinka sai ya rine, ka ɗauka mutuwa ce ta zo."

Na sake hawa tudu. Mama ta ce, "Ki ce wa Nicanor waccan jar a lambun maƙwabta yake satowa, shi ya sa yake tuna ta."

A abu ɗaya kawai suka yarda da juna: ita ce ta fi kowace zaƙi a lambun. In ba haka ba, me zai sa mace ta ɗauko ta tun daga kan dutse?

Na yi abin da aka koya mini. Na duba tsawon ƙaya da launinta, na duba faɗin kunne da siffarsa. Amma fari ya tsotse su duka, kunnuwan sun yamutse kamar tsofaffin takalma, babu fure babu ɗa. Ko da ma na gane irin kowace, ai ba iri nake nema ba, guda ɗaya nake nema. Littafi bai san Mamá Tules ba.

Jar saniyar ta mutu. Kawu ya dawo, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Romelia, zaɓi ɗaya. Kowace. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To ki zauna da saninki, shanuna na mutuwa."

Na shiga na ɗauko wuƙar Kaka. "Ka ƙone. Amma kafin wutarka ta taɓa kowace, sai na yanki kunne ɗaya a jikinta. Kowace ɗaya, ba zan bar ko guda ba."

Haka muka yini, ina gaba da wuƙa da matsefin ƙarfe, yana baya da wuta. Ina yanka a daidai gaɓa, in jefa a kwando, in matsa. Da muka kai ƙarshen lambun, a lungun da ake zubar da toka, akwai wata ƙanƙanuwa mai launin ƙasa-ƙasa. Wannan kam ko a yamutse na gane ta: shokonostle ce, wata irin nopal mai 'ya'ya masu tsami da ko tsuntsu ba ya so. Na riga na wuce ta.

"Injiniya ta gaji," Kawu ya ce. "Ba kin ce kowace ba? Ko da yake wannan ko akuya sai ta yatsine fuska. Ɗauke ta mana, ki kai wa malamanku su ba ki lambar yabo."

Don kawai in ba shi haushi na koma na yanke ta.

Kaka tana zaune a kujera bakin ƙofa tana kallon hayaƙi. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta shiga tafi, tana tambaya bikin wane waliyyi ake yi da ba a gaya mata ta sa rigarta mai kyau ba.

Na roƙi Kawu ya bar kututturan, ya kuwa bari. Amma shanu masu yunwa ba su san alkawari ba. Suka gwaguye su har ƙasa, awaki suka tono saura, sanyin Disamba ya ƙarasa abin da ya rage. Bayan gidanmu ya koma fili.

Kunnuwan da na yanka na jera su kan buhuna a inuwar rumfa har bakin yankan ya bushe ya yi tabo, don in ka binne ɗanyen ciwo ruɓewa yake. Sannan na shinge filin da rassan meskite, na kafa su a rairayi, kowanne a tsaye, gindinsa a binne, fuska ɗaya gabas ɗaya yamma. Ban ba su ko ɗigon ruwa ba. Haka ake yi, haka Kaka ta koya mini tun kafin in san akwai makaranta. Ina tuna ranar da ta kama ni ina ƙarama ina zuba wa sabon dashe ruwa da gwangwani, ta kwaɗa mini ludayi a hannu ta ce, "Nopal ba jariri ba ce. Ki bar ta ta nemi ruwa da kanta, da neman ne take yin saiwa."

A watan ne wani malamina ya samo mini aiki a babbar gonar tumatir ta cikin rumfunan leda. Na ce ba zan je ba. Mama ta yi ta faɗa a waya har cajin ya ƙare. "Na yi shekaru ina wanke tukwanen mutane don ki yi karatu, ki koma ƙauye gadin ƙaya?" Matan gari in na wuce zuwa injin niƙan masara sai su sassauta murya, amma ba sosai ba, don in ji. Wai boko ya taɓa mini kai. Wai wace mace mai hankali ce za ta dasa har da na daji da masu tsami. Nakan gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, in ɗaga kaina in wuce.

Sai wasu kunnuwan suka fara baƙi daga gindi. In na taɓa sai yatsa ya nutse, wari ya tashi. Na tona rairayin, a jiƙe yake. Sama kuwa ko gajimare babu. Na rasa gane kan abin. Na duba ko bututun ruwa ne ya fashe a ƙasa, alhali na san ba mu da bututu. Na zargi karnuka. Daga ƙarshe na je har garken Kawu.

"Kai ne kake jiƙa mini dashe don su mutu ka ce ka faɗa!"

Ya ɗago daga gyaran sirdi ya kalle ni. "Ruwan da nake tafiyar rabin yini da jaki kafin in samo, shi zan zuba wa ƙayarki? Je ki sha magani, Injiniya."

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga niƙa da wuri, don injin ya lalace. Na tarar da ƙofar shingen a buɗe. Kaka na ciki da kwanon da nake zuba mata ruwan wanke fuska, tana bin su ɗaya-ɗaya tana tsiyaya musu, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Kaka! Me kike yi?"

"Ƙishi suke ji, 'yan yara," ta ce. "Uwarsu ta tafi ta bar su a rana. Wace irin uwa ce wannan?"

Na karɓe kwanon. Hannun da ya taɓa dukana da ludayi a kan wannan laifin, shi ne yake miƙe yana neman kwanon a dawo masa da shi. Ban san ko dariya zan yi ko ihu ba. Na mayar da ita ɗaki, na sa wa ƙofar shingen waya na murɗe. Waɗanda ruɓar ba ta yi nisa ba na tono su na yanke baƙin na sake shanya su. Wasu suka tashi. Wasu da dama suka narke a hannuna. Na haƙa rami na binne su, ina binnewa ina tambayar kaina ko ta Mamá Tules ce nake turbuɗewa. Babu wanda zan tambaya.

Daga nan sai jira. Ruwa ya dawo a shekara ta gaba, kaɗan-kaɗan. Kunnuwa suka haifi kunnuwa. Zomaye suka haƙo ta ƙarƙashin shinge, na toshe da duwatsu, suka haƙo ta wani wajen. Farin ƙwaro mai kama da auduga ya sauka, na bi kowane kunne da burushi da ruwan sabulu. Daren da aka ce za a yi jaura, na lulluɓe ƙanana da buhuna da tsofaffin siket ɗin Kaka. Yatsuna suka cika da ƙaiƙayin nopal, irin siririn nan da ido ba ya gani sai ka shafi tufa ka ji shi. Ina koyar da yara lissafi a makarantar gari da safe, da yamma ina cikin shinge. Wani lokaci nakan tsaya a tsakiyarsu in rasa abin da ma nake yi. Wataƙila ina renon ta ne. Wataƙila ta daɗe da zama taki, ina renon baƙi.

A damina ta uku suka yi fure, kafin watan Agusta 'ya'ya suka nuna. Na fita da sassafe tun iska ba ta tashi ba, don kada ƙaiƙayi ya shiga ido, na tsinko, na zube su a rairayi na share su da reshe har suka yi sumul. Akwai ja, akwai rawaya, akwai fara mai kore-kore, akwai ruwan goro. Na fere ja na miƙa wa Kaka.

Ta tsotsa ta lumshe ido. "Ita ce."

Murna ta kama ni. Amma na riga na san halin tsohuwata, sai na fere rawaya.

"Ita ce," ta ce.

Fara ma ita ce. Ruwan goro ma ita ce. Da suka ƙare ta miƙo hannu tana neman wata ita ce ɗin.

Mama ta zo hutun bikin gari. Ita da Kawu suka zauna a rumfa da kwando tsakaninsu kamar alƙalai. Mama ta ɗanɗani rawaya ta daɗe tana juya ta a baki. "Kamar ita. Amma waccan ta fi girma. Ko kuwa ni ce nake ƙarama a lokacin?"

Kawu ya sha ja har haɓarsa ta rine. "Wannan ce. A'a, tsaya. Waccan ta fi ƙamshi."

"Ƙamshin lambun maƙwabta kake ji, ɓarawo."

"Ke da kika gudu birni, me kika sani?"

Suka shanye kwandon ba su yanke hukunci ba. Da Mama za ta hau mota ta riƙe hannuna ta juya shi tana kallon tabban ƙaya. "Ina jin tana cikin waɗanda suka ruɓe, 'yata. Kin yi iya yinki. Ki zo birni."

Na zare hannuna na ce ta gaida mutanen Monterrey.

Lokacin tuna, wato 'ya'yan nopal, ya wuce, masu zaƙi duk suka zube ko tsuntsaye suka cinye. Zuwa farkon Nuwamba, ranar da ake tuna matattu, babu abin da ya rage a lambun sai 'ya'yan shokonostle, don su ba sa faɗuwa, sai su yi watanni manne a jikin uwarsu. Kawu ya yanka ɗan maraƙi ya kawo mana ƙashin ƙafa da nama. Na ɗora romo da masara da barkono. Lemon tsami ya ƙare a kanti, sai na fita na tsinko masu tsamin nan, na fere, na cire ƙwallayen, na yayyanka a tukunya. Ba da wata niyya na yi ba.

Muna zaune da rana, ni da Kawu da Kaka. A lokacin sai an ba ta a baki take ci. Na kai mata cokali na farko. Ta haɗiye. Sai ta karɓe cokalin daga hannuna, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta laluba cikin kwanon ta ɗebo yankin shokonostle ta tauna a hankali.

"Mamá ta iso ne?" ta ce, tana kallon ƙofa.

"Wace Mamá, Kaka?"

"Ƙafata ciwo take. Na ce mata ƙishi nake ji, ta ce babu ruwa sai mun kai ƙasa. Duk tunan hanya sun zube, rani ne. Wannan kaɗai ke jikin uwarta. Ta fere mini ta ce tsotsa, Chencha, kada ki tofar." Ta sake tauna wani yankin, fuskarta ta yamutse don tsami. "Ban tofar ba."

Na kalli Kawu. Ya ajiye tortiya, wainar masarar da ke hannunsa. Sannan ya share baki ya ce, "Ta faɗi haka a kan ja. Ta faɗa a kan rawaya. Ta taɓa faɗa a kan bishiyar meskite."

"Ba ta taɓa ba da labarin hanya ba."

"Ta ce sun sha a hanya. Ba ta ce ita aka naɗo a mayafi ba."

Na juya wurinta. "Kaka, kunnen da Mamá Tules ta sa a mayafi, na wannan ne? Na mai tsami?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar gidan wa ce? Ba a koya miki a bar mutum ya ci abinci ba?"

Washegari na fito da ita lambu, na kai ta har gaban shokonostle na tsayar. Ta kalle ta, ta kalli ni, ta juya ta nuna wata doguwa mai jajayen 'ya'ya a can gefe. "Ga ta Mamá Tules can."

Ban yi mata gardama ba. Na ɗauko wuƙa na yanki kunne ɗaya daga mai tsamin na ajiye a inuwa. Da tabonsa ya bushe na kafa shi a bakin ƙofar gida, inda kujerar Kaka take. Na kuma yanki ɗaya daga doguwar da ta nuna, na kafa a ɗaya gefen.

Kawu ya zo wucewa da jakinsa ya tarar da ni ina danna rairayi da ƙafa. Ya kalli na dama, ya kalli na hagu.

"To Injiniya, wacce ce a ciki?"

"Ban sani ba."

"Shekara uku kina wannan wahalar, ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Kawu. In ka sani ka faɗa."

Ya sosa ƙeya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda ta sake yin fari fat tun watan jiya. "In ruwa ya sake ƙi fa? Shanu ba su san Mamá Tules ba."

"Ka zo da bututunka. Za ka sari kunnuwan sama, ni zan nuna maka inda za ka tsaya. A waje za ka kai musu, ƙafar saniya ba za ta sake shiga shingen nan ba."

"Har mai tsamin?"

"Ita ko na saman ba za ka taɓa ba."

Ya yi dariya ya ja jakinsa. Kaka ta leƙo daga ɗaki da kwanon wanke fuska a hannu, idonta a kan sabbin kunnuwan nan biyu. Na tare ta a bakin ƙofa na karɓe kwanon.